Tsofaffin bututun ruwa a Ƙonni da kewaye: a duba kafin a tona

Tun farkon watan Janairun 2024, takardar kuɗin ruwa da ke shiga gidajen Birnin Ƙonni ta canza suna. Kamfanin SEEN, wanda ya riƙe aikin rarraba ruwan pampo a biranen Nijar tun 2001, ya sauka, kamfanin gwamnati NDE ya karɓi aikin. An yi magana da yawa kan wannan canji. Wasu na murnar ruwa ya dawo hannun ƴan ƙasa, tunda kashi 51 cikin ɗari na SEEN na kamfanin Veolia ne na Faransa, wasu kuma na cewa a jira a gani. Sai dai akwai abin da canjin suna bai taɓa ba, wato bututun da ke kwance ƙarƙashin titunanmu da gidajenmu. Wanda aka binne shekara talatin da suka wuce yana nan inda aka bar shi, da tsatsarsa da tsagarsa.

Yau a kansa za mu tsaya. Kowa ya yarda tsohon bututu sai an canza shi wata rana. Tambayar ita ce wanne za a fara canzawa, kuma ta yaya za a gane shi, alhali yana ƙarƙashin ƙasa ido ba ya kai masa? Ƴan uwanmu da ke bida a Aljeriya, Libiya, Abijan ko Legas, musamman masu aikin gini, wasunsu sun ga yadda ake zura ƴar kamara cikin bututu a ga cikinsa a kan allo kamar telebijin. To, shin wannan na'ura tana da amfani a Ƙonni, Malbaza da Illela, ko kuwa kayan manyan birane ce? Amsarmu a taƙaice: tana da amfani, amma a wuraren da mutane ba su fi zato ba, kuma ita kaɗai ba ta isa.

Bututun nan na wa ne?

Mu fara da wannan, don a nan gardama ke tashi ranar da ruwa ya ɓalle.

A birane, tun gyaran tsarin da aka yi a 2001, aikin ya rabu biyu. Hukumar SPEN ita ke da dukiyar: manyan foraj, shato da manyan bututu, kuma ita ke neman kuɗin manyan ayyuka. Kamfanin da ke gudanarwa, da SEEN yanzu NDE, shi ke tura ruwa, ya yi gyaran yau da kullum, ya karanta kontar, ya karɓi kuɗi. Iyakar da ta shafi mai gida ita ce kontar. Abin da ya lalace kafin kontar aikin kamfani ne. Abin da ya lalace bayan kontar, cikin gida, na mai gida ne, kuma duk ɗigon da ya zube a nan sai ya fito a faktir.

A karkara kuwa, ƙananan shato da pampunan ƙauye suna ƙarƙashin komin, wadda takan ba wani ɗan kasuwa ko kwamiti riƙonsu. Kuɗin da ake karɓa a bakin pampo, a ƙa'ida, akwai kason da ake ajiyewa don gyara da sabunta kaya. Ko ana ajiye shi, ko ba a yi, wannan tambaya ce da kowane gari ya kamata ya yi wa kwamitinsa a bainar jama'a.

Sannan ga girman gari. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen dubu 16 a Birnin Ƙonni. Ta 2012 ta samu sama da dubu 60. Ke nan cikin shekara 35 garin ya ninka kusan sau huɗu, kuma bai daina faɗaɗa ba. Bututun da aka auna don unguwa mai gida hamsin, in gidaje suka koma ɗari uku, kowa ya san na ƙarshen layi sai tsakar dare yake ganin ruwa.

Abin da ke tsufar da bututu a ƙasarmu

Kowane irin bututu da tasa mutuwar.

Na ƙarfe, wanda masu gyaran pampo ke kira galba, daga ciki yake ruɓewa. Tsatsa na taruwa a bangonsa har hanyar ruwa ta tsuke, bututun da babban yatsa ke shiga ya koma ko tsinke da ƙyar. Alamarsa ita ce jan ruwa da safe in an buɗe pampo, da ƙarfin ruwa da ke raguwa shekara bayan shekara. Daga baya sai ya huje, galibi a wurin zaren mahaɗi inda ƙarfen ya fi siranta.

Na roba mai tauri, PVC, ba ya tsatsa. Maƙiyansa rana da nauyi. In aka bar shi a fili ƙarƙashin ranar watan Afrilu shekara ɗaya, biyu, yakan bushe ya yi gautsi, bugu kaɗan ya tsage. In kuma an binne shi sama-sama, mota ta bi ta kai, shi ke nan. Mu da babbar hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa garinmu, ga manyan motocin kaya masu zuwa iyakar Najeriya, ga masu ɗaukar siminti daga Malbaza da albasa daga Galmi, mun san irin nauyin da ƙasarmu ke ɗauka, har a ƙananan tituna da suke ratsewa.

Baƙar roba mai lanƙwasa, wadda ake sayarwa a naɗe, ta fi sauran haƙuri, don mahaɗanta kaɗan ne kuma tana bin motsin ƙasa. Amma ita ma akwai ta ƙwarai akwai ta banza a kasuwa, kuma ido ba kullum yake rarrabewa ba.

Ƙasar kanta tana aiki. Laka irin ta fadamar Magiya tana kumbura da damina, ta tsage da rani, bututu kuwa yana cikinta yana shan ja da matsa. A unguwannin da ke kan gangare, ruwan sama na kwashe ƙasa ya bar bututu tsirara. Saiwar bedi da sauran itatuwa kuma tana bin danshi har ta samu mahaɗi ta kutsa.

Asara biyu

Ta farko ta aljihu ce, kuma lissafinta ba wuya. Pampon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a yini, kusan bido guda ke nan. Wannan ɗigo ne da ake gani. Ƴar tsagar da ke fitar da lita ɗaya a minti ƙarƙashin ƙasa tana zubar da lita 1440 a kwana ɗaya, wato duro bakwai na lita 200 har da ɗori. A wata, ya haura lita dubu 43, abin da faktir ke rubutawa 43 m3. In bayan kontar ne, mai gida ya biya ruwan da ko ɗiyansa ba su sha ba. In kafin kontar ne, kamfani ya ƙone lantarki da magani a banza, unguwar da ke kan tudu kuma ta kwana ba ruwa, ta wayi gari tana jiran ga-ruwa. A ƙasa mai rairayi, irin wannan tsaga tana iya yin watanni ba ta fito fili ba, don ƙasa na shanye ruwan.

Ta biyu ta fi tsanani, ita ce ta lafiya. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ruwa ne ke fita ta tsagar, ƙazanta ba ta samun shiga. Ranar da aka ɗauke wuta, shato ya ƙare, bututu ya zama fanko, sai al'amari ya juya: tsagar ta koma baki, ta tsotsi duk abin da ke kewaye da ita. In bututun ya ratsa ta cikin kwata, ko gefen gologo, ko kusa da salga, abin da zai tsotsa ke nan, kuma shi zai fara fitowa a pampo in ruwa ya dawo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun ga yadda ɗauke wuta ke tsawaita tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Kowace ɗaukewar ruwa dama ce ga tsaga.

A 2021 cutar kwalara, amai da zawo, ta kama sama da mutum dubu biyar a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jihar Tawa na cikin inda ta taɓa. Daminar 2024 kuma ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, salgogi suka cika suka tumbatsa a garuruwa da dama. Hanyoyin kwalara suna da yawa: hannu mara wanki, rijiya a buɗe, abincin da ƙuda ya sauka. Bututu mai tsaga ɗaya ne daga cikinsu, amma shi ne wanda ke shigo da cuta cikin ruwan da uwar gida ta fi amincewa da shi.

Yadda kamarar take aiki

Na'urar ba wani sihiri ba ne. Ƴar kamara ce da ba ta jin ruwa, girmanta kamar babban yatsa ko ƙwan kaza, da ƙananan fitilu kewaye da idonta. Tana manne a bakin wata doguwar waya mai tauri da lanƙwasa, wadda ake turawa da hannu. Waɗanda ƙananan ma'aikata ke amfani da su sukan kai mita 20 zuwa 60. Hoton yana fitowa a kan allo nan take, ana iya naɗe shi a ajiye, kuma masu kyau daga cikinsu suna nuna mita nawa aka shiga. Wasu suna ɗauke da wani ɗan abu mai aika sigina, wanda wani ma'aikaci a sama yake bi da na'ura har ya tsaya daidai kan wurin, ya ce a tona nan. Manyan magudanai kuwa akwai mai tayoyi da ake tuƙawa daga waje.

Abin da take gani: toshewa da abin da ya kawo ta, ko leda ce, ko yashi, ko kitse, ko saiwa. Tana ganin tsaga, mahaɗin da ya goce, wurin da bututu ya lotsa ruwa ke kwanciya, da kaurin tsatsa.

Ga kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba. An fi yin wannan kamara don bututun ruwan datti, wanda ba ya cike kuma yana da faɗi. A Turai da Amurka, gari duka na da hanyar ruwan datti ƙarƙashin ƙasa, can ne aikinta ya fi yawa. Mu a nan yawancin gidaje salga ce da gologo. Bututun ruwan sha na cikin gida kuwa siriri ne, ga kwana da yawa, kamara ba ta wucewa. Babban bututun titi sai an tsayar da ruwa an buɗe shi kafin a zura ta, sai dai da wata na'ura ta musamman mai tsada. Kuma kamara ciki kawai take gani. Ba ta ganin tsatsar da ke cin ƙarfe daga waje, kuma ƙaramin huji na iya ɓoye mata. A ruwa mai laka ma makauniya ce.

Ke nan a garuruwanmu, inda za ta yi aiki a kan ruwan datti shi ne manyan gine-gine masu ban-ɗaki na zamani: asibitoci, makarantun kwana, otel, tashoshin mota, sababbin gidajen bene, da magudanan siminti da ke ƙetare ƙarƙashin gudron, waɗanda ke toshewa kowace damina. A irin waɗannan wurare, kafin a farfasa tayil ko a yanke titi, awa ɗaya ta kallo na iya nuna cewa matsalar mita biyu ce kawai.

Inda ta fi yi mana amfani: cikin foraj

Bututu mafi tsada a kowane ƙauye ba kwance yake ba, a tsaye yake. Shi ne na rijiyar burtsatse, foraj, wanda ya nutsa ƙasa mita gommai, wani wuri ɗaruruwa. Akwai kamara ta musamman da ake saukarwa cikinsa da igiya, bayan an fitar da injin. Tana kallon ƙasa tana kallon gefe, tana rubuta zurfin da ta kai.

Ku ɗauki ƙauyen da foraj ɗinsa ya rage ruwa, ko ya fara fitar da yashi. Abin da aka saba ji shi ne "rijiya ta mutu, sai sabuwa." Alhali dalilan suna da yawa. Wataƙila injin ne ya gaji. Wataƙila bututun da ke hawo da ruwa ne ya huje, ruwa na komawa ciki kafin ya kai sama. Tun shekarun 1980 masana suka gano cewa galba ba ya daɗewa a cikin ruwa mai tsami, kuma an ga haka a pampunan hannu da yawa na Afirka ta Yamma. Wataƙila rariyar da ke ƙasa, inda ruwa ke shigowa, ita ce ta toshe, wanki kawai take so da iska mai ƙarfi. Wataƙila wani ƙarfe ne ya faɗa ciki. Ko kuma da gaske bangon rijiyar ya fashe, ko ruwan ƙasa ya ja baya. Tsakanin canza bututun hawa da haƙa sabon foraj akwai tazarar miliyoyin kuɗi. Kamara, haɗe da gwajin jan ruwa na wasu awoyi, ita ke raba gardama. Gani ya kori ji.

Amfaninta na biyu shi ne ranar karɓar sabon aiki. Ɗan kwangila ya ce ya haƙa mita kaza, ya sa rariya mita kaza. Wa ya shiga ya gani? Kamara na shiga. In sharaɗin duba da kamara na cikin takardar kwangila tun farko, mai gaskiya ba ya jin tsoro, mai ha'inci kuma zai yi tunani sau biyu. Wannan ya shafi ƙungiyoyin ƴan gari mazauna waje da ke tara kuɗi su haƙa wa ƙauyensu foraj, don galibi suna nesa ranar da ake aikin.

Gargaɗi ɗaya a nan: kamarar da ta shiga bututun ban-ɗaki kada a kuskura a sa ta cikin ruwan sha. Ta foraj daban take, kuma ita ma sai an wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a saukar.

Ruwan pampo: kunne da kontar

To bututun ruwan sha da ke kwance fa, tunda kamara ba ta dace da shi ba? Nan kunne ne ke aiki. Ruwan da ke fita ta tsaga yana da ƙara, kamar huci. Masu neman yoyo suna fita da tsakar dare lokacin da gari ya yi tsit, su ɗora sandar ƙarfe a kan makullin ruwa ko kontar, su kara kunne. Akwai na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin, akwai kuma wadda ake ɗora wa bututu a wuri biyu ta lissafa inda tsagar take a tsakani. Wata dabarar ita ce sa babbar kontar a mashigar unguwa. In ƙarfe uku na dare, kowa na barci, ruwa na ta shiga unguwar kamar da rana, to akwai inda yake zuba.

A gida ma kowa na iya yin nasa gwajin ba tare da kashe ko dala ba. Da dare a rufe duk pampunan gida, a tabbatar ba wanda zai buɗe, a rubuta lambar kontar har da jajayen lambobin. Da asuba a sake dubawa. In lamba ta motsa, akwai yoyo cikin gida. Sauran alamun kun san su: bangon da gindinsa ba ya bushewa, ciyawar da ta yi kore shar a tsakiyar rani, faktir da ya yi tsalle alhali mutanen gida ba su ƙaru ba.

Darasi daga fadamarmu, da daga nesa

Ba sai mun je nesa ba kafin mu san tsadar sakaci. Aikin noman rani na Ƙonni, wanda ke shan ruwa daga madatsun Zango da Mozage, an gina shi ne a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, kadada sama da 2400. Shekara da shekaru magudanai na tsagewa, yashi na cika su, har manoman ƙarshen layi suka riƙa rasa ruwan rani. Sai da aka sa gyaransa cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 kafin a yi masa babban aiki. Waɗannan fa magudanai ne a buɗe, kowa na ganin tsagarsu da idonsa. Ina ga wanda ke binne?

A birnin Filint na Amurka, a 2014 hukuma ta canza wurin ɗebo ruwa, sabon ruwan ya ci cikin tsofaffin bututu, gubar dalma ta shiga ruwan sha har ta bayyana a jinin yara. Da aka zo canza bututun sai aka iske wata matsalar: bayanan inda bututun dalma suke suna kan tsofaffin katuttuka da aka rubuta da hannu, wasu ba su cika ba. An tona ramuka da yawa aka tarar da bututu lafiyayye. Ƙasa mai arzikin Amurka ma ta yi asarar kuɗi da lokaci saboda rashin sanin abin da ta binne.

A ɗaya gefen ga Funom Pen, babban birnin Kambodiya. A 1993, bayan shekarun yaƙi, kashi 72 cikin ɗari na ruwan da ake turawa ɓacewa yake, ta yoyo da sata. Shugaban kamfanin ruwan, Ek Sonn Chan, ya sa aka ƙirga masu amfani da ruwa, aka sa wa kowa kontar, aka raba gari yanki-yanki ana aunawa, aka kafa masu gyaran gaggawa dare da rana, ana canza tsofaffin bututu bi da bi. Cikin shekara goma sha biyar asarar ta sauko ƙasa da kashi goma. Abin da ya yi aiki can shi ne aunawa da rubutawa da saurin gyara.

A gyara ko a canza?

Shekaru kaɗai ba su isa hujja ba. Akwai bututu mai shekara arba'in da ke lafiya, akwai mai shekara biyar da aka binne da ganganci ya riga ya mutu. A ganinmu, abin da ya kamata ya sa layi ya shiga gaba a jerin canji shi ne yawan fashewarsa, da wurin da ya ratsa, da waɗanda yake shayarwa. Layin da ya fashe sau uku a shekara ɗaya, facinsa ɓarnar kuɗi ne. Layin da ke kwance cikin kwata ko jikin salga, ko bai fashe ba a ɗauke shi daga nan. Layin da ke kai ruwa asibiti ko makaranta ya riga na sauran. Galban da tsatsa ta tsuke kuwa ba ya wankuwa, sai canji.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi: ranar da aka fashe, wurin, irin bututun, faɗinsa, abin da aka gani. In babu wannan, wanda ya fi ɗaga murya ko ya fi kusa da manya shi ake fara yi wa aiki.

Wani zai ce, ana maganar kamara alhali akwai ƙauyukan Illela da Malbaza da mata ke tafiyar kilomitoci neman ruwa? Maganarsa na kan hanya, kuma shi ya sa ba mu ce kowane mai gyaran pampo ko kowace komin ta sayi tata ba. Kamarar foraj guda ɗaya a hannun ma'aikatar ruwa, da ma'aikaci biyu da suka iya ta, tana iya zagaya gundumomin nan uku bisa tsari. Foraj ɗaya da aka ceto daga a yi watsi da shi, kuɗinsa na iya haƙa wa wani ƙauyen da bai taɓa samu ba.

Ga mai gini, da mai aiko da kuɗin gini

Ƴan uwa na nesa, ku da kuke aiko da kuɗi a gina gida a Ƙonni, Tsarnawa, Dogarawa ko Badagishiri, mun san hankali ya fi tafiya ga tayil da fenti da ƙofar ƙarfe, don su ake gani a hoto. Amma bututu shi ne abin da in ya lalace sai an farfasa duk waɗannan. Araha ba ta ado a nan.

Ku tambayi irin bututun da aka saya. PVC iri biyu ne, akwai mai kauri na ruwan pampo, akwai mai sirara na zubar da ruwan datti, kuma na biyun ya fi araha, shi ya sa ake musanya su. Na ƙwarai akwai rubutu a jikinsa mai nuna ƙarfin da yake ɗauka, kamar PN10 ko PN16. A binne shi da zurfi, kamu uku ko fiye, a shimfiɗa yashi mai laushi ƙasa da samansa, ba tsakuwa ba. Inda mota ke bi a ƙara zurfi, a sa shi cikin wani babban bututun. A nisanta shi da salga da gologo, in kuma dole su gicciye, na ruwan sha ya bi ta sama. Kafin a rufe rami a saki ruwa, a rufe pampuna, a duba kontar da kowane mahaɗi.

Sannan kamarar da ta fi kowace araha tana cikin aljihunku. Ranar da rami ke buɗe, a ɗauki bidiyo da waya tun daga kontar har ƙarshen layi, a nuna bango ko ƙofa don a gane wurin, a aiko muku, ku ajiye. Bayan shekara goma, in yoyo ya zo, ba sai an tone tsakar gida duka ba.

In kuma wani ya zo muku da kamara ya ce layinku duka ya mutu, ku ce a yi aikin a gabanku ko gaban wakilinku, a ba ku bidiyon, a nuna muku mita nawa ne wurin. Ku nuna wa wani ma'aikacin kafin ku biya. Mai dubawa da mai sayar da bututu in mutum ɗaya ne, hattara.

Abin da muke jira daga hukumomi

Daga NDE da SPEN, muna son jama'a su san taswirar layukan garinsu da shekarunsu, da jerin waɗanda za a canza da dalilin zaɓensu, da lambar da za a kira in an ga ruwa na ɓulɓula a titi, a kuma zo kafin kwana ya juya. Daga ma'aikatar magajin gari, duk mai aikin titi, kwata ko wayar ƙasa ya tuntuɓi masu ruwa kafin ya sa diga. Daga kwamitocin ƙauye, a karanta wa jama'a asusun gyara aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kada a yanke wa foraj hukuncin mutuwa sai an leƙa cikinsa.

Mu kuma namu aikin shi ne kai rahoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ga danshi a titi da rani, ko jan ruwa, ko wari a ruwan pampo bayan an ɗauke an dawo, ya sanar da masu ruwa da mai unguwa ranar, ya kuma bar ruwan farko ya zube, ya tafasa na sha ko ya sa masa magani har a gyara. Rani na tafe kowace shekara da ƙarancin ruwa, damina na biye da ambaliya. Watannin da ke tsakaninsu, lokacin da ƙasa ta bushe, su ne na duba bututu da canza wanda ya gaji.